Ƙafar Baba da Littafin Aji Huɗu

Zuwa ga babbar 'yata, Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina gargaɗinki: ki ajiye wayar nan ta hannunki, ki sami wuri ki zauna, ki karanta takardar nan daga sama har ƙasa kafin ki buɗe baki ki goyi bayan kowa. Na san halinki da ƙanwarki Auta. Ko gida ta cinna wa wuta sai kin ce sanyi take ji.

Bayan haka, ina gaishe ki gaisuwar uwa. Yaya jikinki, yaya maigidanki da aikinsa, yaya jikokina? Ina fatan tarin nan ya saki ƙaramin. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar babanku. Na zaɓi in rubuto ne domin magana a waya iska ce, kina ji kina juya tukunya, gobe ki ce ban faɗa ba.

Mako uku ke nan babanku ya taka allura a shago. Kin san shi da cire takalmi idan zai hau keken ɗinki, wai ƙafa ba ta jin keke a cikin takalmi. Bai ma san ya taka ba, ni na ga jini a silifas ɗinsa. Ɗan rauni ne a ƙarƙashin yatsan da ke maƙwabtaka da babban yatsa, a ƙafar dama, wadda yake taka keke da ita shekara talatin da biyar. Ita ta ciyar da ku, ita ta kai ku makaranta.

Na yi abin da na saba. Na ɗauko littafina na kiwon lafiya mai koren bango, wanda aka ba ni kyauta a aji huɗu na sakandare ranar da na zo ta ɗaya. Da shi na raine ku, kuma babu wadda ta nakasa a hannuna. Safe da yamma ina dafa ruwa, in zuba gishiri, in tsoma masa ƙafar a baho. Babanku namiji ne, ko gezau ba ya yi. Har cewa yake ruwan ya huce, in ƙaro daga butar shayi.

Auta ta yi min maganar sau biyu a hankali, na ce ta je ta wanke kwanuka. To, shekaranjiya ta dawo daga jami'a da farin kayan nan nata na ɗaliban jinya, ta tarar muna ciki. Ta durƙusa ta zare ƙafar ubanta, ta ɗauki bahon ta watsar da ruwan a tsakar gida. A gabana! Ta ce mai ciwon suga irin babanku ba a gasa masa ƙafa, wai dafa shi nake yi ba magani ba, a kai shi asibiti a ranar. Yarinyar da ni na koya wa fyace majina, shekara biyu kacal a karatun jinya har ta fi uwarta sanin ruwan zafi.

Kin san babanku da asibiti tun da aka yanke wa amininsa mai gyaran agogo ƙafa. Ya ce shi da ƙafa biyu ya zo duniya, da biyu zai koma, kuma na tsaya masa. Ita kuwa na ce mata tunda karatu take taƙama da shi, ni ma da littafi nake aiki. Na ce ta kawo min nata a rubuce, a littafi mai bango, ba a waya ba. Kafin nan na haramta mata taɓa ƙafar, na kuma daina karɓar ruwa daga hannunta, domin ta san rashin kunya yana da farashi.

Wani abin da ke ci min rai shi ne kwanakin nan ba ta shigowa gida sai dab da magariba, wai tana laburare. Ni ban san laburaren da ke hana budurwa cin abincin rana ba. Ina sa ido, kuma idan na gano laburaren nan yana da gemu, za ki ji labari.

Ke ma ban ƙyale ki ba. Saƙon muryar da kika turo, na matar nan mai cewa a kwaɓa toka da man goge baki a shafa, ban yi ba, kuma kada ki ƙara. Ƙafar ta ɗan kumbura, fatar sama ta yi ja tana salewa, amma ina ganin dafin ne yake fita.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yaran. Ki riƙe sallarki a kan lokaci.

Mahaifiyarki.

* * *

Zuwa ga 'yata, Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wayi gari lafiya, ke da mutanen gidanki duka. Kada rubutun nan ya ba ki tsoro don ya karkace, a kan cinyata nake yinsa, a bencin da ke ƙofar ɗakin maza na asibiti. An kwantar da babanku tun jiya da la'asar. Yana magana, yana ci, har yana gyara wa ma'aikatan jinya yadda aka ɗinka aljihun rigarsu. Ki kwantar da hankalinki, ki ji yadda aka yi.

Washegarin ranar da na aiko miki da takarda, Auta ta zo ta durƙusa ta ce ta sami littattafan, amma irin waɗanda ba a ba da aronsu ne, a nan ake karantawa a bari. Ta ɗauko hotunan shafukan a waya, na ce ta mayar da wayar aljihu. Sai ta ce to in zo in gani da idona. Na lura ba ta zaci zan yarda ba. Ni kuma dama hanyar ganin laburaren nan mai gemu nake nema. Na naɗe koren littafina a ɗankwali, na sa mayafi, na ce ta shige gaba.

Ginin hawa uku ne. Tun a ƙofa aka fara taɓa min girma. Maigadi ya ce in ajiye jakata a kanta, ya ba ni wata lamba a maƙale da zare. Na ce shekara talatin ban taɓa rabuwa da jakar nan a cikin mutane ba, ya ce Mama ko shugaban jami'a a nan yake barin tasa. Ya ga littafina, ya ce sai ya rubuta sunansa a rajista, don kada in zo fita a ce na sato. Ni, sata! Na haɗiye, Auta ta sa hannu aka ba ni katin baƙo na yini ɗaya. Da muka shiga babban zaure na ɗaga murya na yi sallama kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Kai kusan ɗari suka ɗago suka dube ni, wata ta sa yatsa a leɓe. Na ce a raina, yau ga gidan da aka fi ni doka.

Muka hau sama, inda littattafan lafiya da jinya suke. A can na haɗu da wadda ke kula da sashen, mace ce sa'ata, mai tabarau a rataye da igiya. Tana ganin Auta ta yi murmushi, ta ce ashe wannan ce uwar mai teburin taga. Ta gaya min cikin raɗa cewa kwana goma sha biyu ke nan yarinyar nan ita ke fara shigowa idan ta fito daga aji, ita ake kora idan za a rufe. Gemun da na je nema ke nan, 'yata: mace mai tabarau da tebur a jikin taga.

Na kwance ɗankwali na ajiye littafina a gabanta, na ce ga shaidata. Ban ɓoye miki ba, na shirya faɗa. Amma baiwar Allah nan da hannu biyu ta ɗauke shi, ta shafa bangon, ta ce an riƙe shi da mutunci. Sannan ta koya min abin da ba a koya mana ba a sakandare. Ta buɗe bayan shafin farko ta nuna min wasu ƙananan lambobi, ta ce duk littafin lafiya a nan ake fara dubawa, shekarar da aka buga shi. Na duba. Littafin nan ya girme ki da shekara goma sha ɗaya. Ta ce wannan ba laifi ba ne, amma in nuna mata inda ya ce a gasa. Na buɗe ba tare da nema ba, don shafin ya san hannuna. Ta ce in karanta kan maganar. Na karanta: maruru da targaɗe. Ta ce to in nemo inda ya yi maganar ƙafar mai ciwon suga. Na bi jerin da ke ƙarshen littafin da yatsa, na je shafin. Layi huɗu ne kacal a kan ciwon suga, kuma babu ƙafa a ciki. Ashe littafina bai yi min ƙarya ba, ni ce na ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Auta ta buga wasu kalmomi a kwamfuta, lambobi suka fito, ta kwafa a 'yar takarda. Ta bi tsakanin kantoci tana duba lambar da ke manne a gadon bayan kowane littafi, kamar mai neman gida a unguwar da ta sani. Ta dawo da manya uku da wata mujalla ta ma'aikatan jinya. Ni da kaina na juya bayan shafin farkon kowanne. Babu wanda ya kai shekara shida. Ta buɗe min ta ja baya.

Turancina ya yi tsatsa, amma bai mutu ba. Na sa yatsa na bi layi layi. Ukun nan ba mutum ɗaya ya rubuta su ba, amma bakinsu ɗaya: ciwon suga idan ya daɗe yana iya kashe jin da ke ƙafa, har mutum ya taka abu ko ya ƙone bai sani ba. Kada a jiƙa irin wannan ƙafa a ruwan zafi. Rauni kowane iri, komai ƙanƙantarsa, a kai wa likita ba da jinkiri ba. Akwai hotuna. Ɗaya daga ciki, fatar saman ƙafar ta yi ja tana salewa.

A nan na ɗauke yatsana daga shafin. Na tuna ni kaina ba na iya barin hannuna a cikin bahon nan, da tsumma nake kama bakinsa. Na tuna yana cewa ya huce, ina ƙarowa daga buta, ina alfahari a raina cewa na auri jarumi. Ba jarumta ba ce, 'yata. Ba ya ji ne. Abin da na rubuta miki cewa dafi ne ke fita, ƙuna ce, kuma hannuna ne ya yi ta.

Ina zaune na kasa ɗago kai, sai idona ya faɗa kan wasu ƙananan katuna da ta ɗaure da roba. Kowanne da sunan marubuci, da shekara, da lambar shafi, da abin da ya ce, cikin rubutun nan nata mai kama da tafiyar tururuwa. Na farkon yana ɗauke da kwanan watan ranar da na ce ta je ta wanke kwanuka. A samansa ta rubuta: Ƙafar Baba. Wato yarinyar nan ba ta watsar da ruwana ba sai da ta yi kwana da kwanaki tana tabbatarwa, don kada ta saɓa wa uwarta a kan zato. Ban yi kuka ba, kin san ba halina ba ne a cikin mutane. Mai tabarau dai ta turo min hankici, na karɓa saboda ƙurar littattafai.

Ban tsaya cin abinci ba. Muka wuce shago kai tsaye. Na ce wa babanku ya rufe ido, na taɓa kan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yadda littafin ya nuna, in ya ji ya faɗa. Na gama ƙafar dama kaf yana tambaya ko na fara. Da ya buɗe ido ya ga fuskata, wasan ya fita daga bakinsa. Ya kawo zancen mai gyaran agogo. Na ce masa amininsa ba zuwa asibiti ne ya cinye masa ƙafa ba, ƙin zuwa da wuri ne, kuma ni da na tsaya masa jiya na janye yau. Na zare makullin shago na sa a jakata, na ce ba zai ƙara ganinsa ba sai likita ya ga ƙafar. Ya ce an yi masa juyin mulki a gidansa, uwa da 'ya sun haɗe kai. Amma ya sa hula.

Likita ya ce ciwon ya ci ciki, yatsan ya fara baƙi, sai sun ga yadda magani zai kama kafin su san iya abin da za a ceta. Ki yi addu'a, ki sa yaran su yi. Kada ki taso, babu wurin kwana, kuma Auta tana nan.

Ki gaida maigidanki da kyau.

Mahaifiyarki.

* * *

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da jikokina. Na ga zanen da suka yi wa kakansu, ya ce a gaya musu kunnuwansa ba su kai haka girma ba. Ina fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Ina rubuta wannan ne a bakin shago, kuma ƙarar da ke hana ni tattara hankalina ita ce ta keken babanku. Yau ya fara hawa, bayan wata biyu da kwana tara. Likita ya yarda masa da awa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma da takalmi mai laushi a ƙafarsa. Ya yi gunaguni, na nuna masa jakar da makulli ya taɓa kwana a ciki, ya sa takalmin.

Na san kin ji a waya an cire yatsa ɗaya, amma ina so ki same shi a rubuce daga hannuna. An cire, ƙafar kuma ta tsira. Likita ya ce da an ƙara mako guda, da ba zancen yatsa ake ba. Babanku yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa keke bai taɓa ƙirga yatsun tela ba, tara ma sun yi masa yawa. Shi yana dariya. Ni kuwa duk safiya idan na duba ƙafar ina ganin gurbin, kuma na san rabona a ciki. Ba na so kowa ya rarrashe ni a kai. Wanda ya yi kuskure ya riƙe shi a gabansa, shi ne zai hana shi na biyu.

Yanzu ki ji abin da ya sa kaina ya yi girma har ya kusa ƙin shiga mayafi. Ranar da babban likita ya zo zagaye da ɗalibai a bayansa, ya tambayi wanda ya hana a ci gaba da gasa ƙafar. Na nuna Auta. Ya tambaye ta dalili, ta faɗa a natse, ya ce a ina ta samo. Ta ambaci littafi da shekararsa da shafinsa, ba ta ko duba kati ba. Ya juya ya ce wa na bayansa haka ake amsa tambaya. Wata mai jinyar mijinta a gadon kusa ta tambaye ni ko 'yata ce. Na ce ƙwarai, autata ce, ni na koya mata karatu da littafi. Kuma ba ƙarya na yi ba.

Da muka dawo gida na tara su a tsakar gida, daidai inda ta watsar da ruwan. Na ce a gaban ubanta na ci mata fuska, a gabansa zan wanke ta: ita ce da gaskiya, ni ce da kuskure. Amma na ƙara mata da cewa ko gobe ta ga uwarta za ta faɗa rami, ta riƙe ta da ƙarfi, sai dai ta yi sallama tukuna. Ta sa kuka. Na ce ta share hawaye ta kawo min ruwa in sha, na karɓa daga hannunta.

Koren littafina ban jefar ba. Na so, Auta ta hana, ta ce shi ya sa na nemi hujja maimakon in bi matar toka da man goge baki. Na rubuta shekararsa da manyan lambobi a bango, na mayar da shi akwati. Ya yi aikinsa, ya huta. Ni kuma duk Alhamis ina bin Auta jami'a. Maigadi ya daina tambayata, da ya hango ni yake miƙo lambar jaka. Sallama kuwa ina yi, amma a hankali. Hawan jinin nan nawa nake karantawa, kuma na riga na gano abu biyu da zan tambayi likita a kai. Ke da kike da jami'a a kusa da ke, ban san uzurinki ba.

Babanku yana gaishe ku, Auta tana gaishe da yayarta. Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiya.

Saura abu ɗaya, kuma na rubuta shi a kwali na manna a ƙofar kicin. Daga yau babu maganin da zai shiga bakin wani ko ya taɓa jikin wani a gidan nan, ko daga waya ya fito, ko daga maƙwabta, ko daga akwatina, sai an amsa tambaya uku: wa ya faɗa, a wace shekara, kuma don mai wane ciwo. Idan an amsa, a kai wa likita ya ji. Ƙafar babanku kuwa ana duba ta kowace safiya, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, kuma ruwan da zai taɓa ta sai ya fara taɓa gwiwar hannuna. Dokar ta hau kan kowa, ta fara da ni. Idan kin zo hutu da yaran, ta hau kanki tun daga bakin ƙofa.

Mahaifiyarki.